Ɗan Tallan Bara'atu

Fatakwal
Watan Satumba

Zuwa ga mai ɗakina, Bara'atu.

Assalamu alaikum. Shekara ɗaya da wata huɗu ke nan rabona da Tsafe, kuma tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa rubuta miki takarda ba sai yau. Idan kin ga rubutun kamar kaji sun yi tono, ki yi dariyarki a ɗaki, ba a gaban yara ba.

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Yaya jikinki, yaya fama da yara? Yaya Yelwa? Bashar ya gama fitar da haƙoran nan da suka hana ku barci? In an samu mai zuwa Bungudu a gaishe mini da Inna Delu, a ce surukinta yana neman addu'a. Ni lafiyata lau, sai gajiya, ita kuwa mun saba da juna.

Tun da aka katse layukan waya a Zamfara nake danna lambarki safe da yamma, matar nan ta cikin waya tana ba ni haƙuri da Turanci. Da na gaji na tafi inda manyan motoci ke sauke kaya, na samu Malam Tambaya, direban nan na Tudun Wada mai kawo wake da albasa daga Gusau. Ya ce ai Tsafe kan hanyarsa take, zai tsaya ya miƙa miki da hannunsa. Akwai dubu goma sha biyar a naɗe cikin takardar. Na san ba za su kai ku ko'ina ba. Albashin gadi kin san shi, yana nan inda yake, shinkafa ce kawai ke tafiya. Gidan da nake tsare wa ƙofa har yau ba wanda ya san sunana. Daga Madam har jikanta ɗan shekara uku, Aboki suke ce mini. Amma ba su taɓa riƙe mini kuɗin wata ba, wannan kam dole in faɗa.

Tambaya ya ba ni labarin gida. Kin san matarsa 'yar bayan layinmu ce, ba abin da ke wuce kunnensa. Ya ce an rufe makarantu, an hana cin kasuwar mako, matar da ke sarar ƙuli-ƙulinki ta kai kasuwa ita ma ta zauna. Ya ce ƙuli ya taru miki a kwalla, ba mai saye sai 'yan unguwa, su ma sai an kai ruwa rana kafin su biya. Sannan ya ce wai maƙwabciyarmu Saude ta ba ki shawara ki ɗora wa Yelwa faranti ta bi 'ya'yanta bakin tasha, tunda zaune take.

Bara'atu, ban yarda ba. Na san abin da za a ce: na ɗan lokaci ne, kafin a buɗe makaranta. Haka aka ce wa ƙanwata Zuwaira muna Kucheri, wai kafin a gama girbi. Aka yi girbi aka sake, farantin bai sauka daga kanta ba sai da aka kai ta ɗakin miji. Ba mugunta ke hana a sauke shi ba. 'Yan kuɗin da yake shigowa da su kullum yamma, su ke hanawa, don gida yakan saba da su. Yelwa tana aji biyar, kanta yana ja, malaminsu da bakinsa ya gaya mini. Ga kuma bakin titi a irin wanga lokaci, ba sai na yi miki bayani ba.

Na kuma san magana tana da sauƙi a bakin wanda ke nesa. Sana'ar mace a cikin gida ƙafa take so, ƙafar kuwa a garinmu ta yaro ce. Ke ba ki fita, ni ba na nan, na kuma ce kada ɗiya ta fita. To wa zai kai? Wallahi ban sani ba. Na zauna a bakin ƙofar nan na juya abin har kaina ya yi zafi. Na yi tunanin ɗinkin hula, sai na tuna Bashar da allura. Na yi tunanin zoɓo da ƙanƙara, sai na tuna ba mu da firji, in ma muna da shi ina wutar? Ke ce a ɗakin, ke kika san inda yake yoyo. Ki duba wata dabara. Duk wadda kika kawo, muddin ba kan Yelwa za ta hau ba, na amince tun kafin in ji.

Ki sa ta riƙa buɗe littattafanta ko da bayan la'asar ne, kada su yi sanyi. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan hali, ya tsare mini ku.

Mijinki,
Mannir


Fatakwal
Watan Oktoba

Bara'atu,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da Yelwa da Bashar da duk wanda ya tambaye ni. Ni ma ina nan, sai dai ƙafafu, za ki ji dalili.

Saƙonki ya iso dukansa: buhu guda, da 'yar takarda mai layi biyu. "Tunda ɗiya ba za ta ɗauka ba, ubanta ya ɗauka. Kai ka ce ka amince tun kafin ka ji." A tsaye na karanta, gaban Tambaya. Shi kuwa ashe ya riga ya san abin da ke ciki, don kafin in ɗago kai ya jingina da mota yana share hawayen dariya. Ya ce, "Mannir, na tsufa a kan hanyar ga, ban taɓa ɗauko wa namiji kayan talla daga matarsa ba sai yau. In sayo maka kwalli da jan-baki, ko gammo kaɗai ya isa?" Kin kama ni da bakina, ban da ja.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Kin zuba ƙulin a buhun shinkafa kin ɗinke baki, yadda kike yi in za a kai Gusau. A Tsafe ƙuli zai yi wata uku a buhu yana ƙara tauri, har ya nemi haƙorin mutum. Nan ba haka ba ne. Nan iskar kanta jiƙaƙƙiya ce. Gishiri in ka bar shi a buɗe ruwa yake komawa, ashana sai ka ɗumama ta a hammata kafin ta kama, takalmin da na ajiye don Juma'a fumfuna ta yi masa riga. Buhunki ya yi tafiyar nan duka a ƙarƙashin tamfol tsakanin albasa, ya kuma shigo gari ana tsuga ruwa. Da na kwance baki, sandunan nan da kika ɓata kwanaki kina murzawa sun yi laushi, ka lanƙwasa su ba su karye ba. Ga warin albasa kamar an jiƙa su a ciki.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Na tuna tiya nawa ta gyaɗa aka zuba, da itace, da kuɗin niƙa, da bayanki. Har na ce a raina wannan ai ganganci ne. Amma da na huce sai na ga ke iyakarki Zariya, shi ma asibiti ya kai ki. Wa ya taɓa gaya miki akwai garin da gishiri ke narkewa da kansa? Ni da na sani ban faɗa ba, don ban san buhu za ki aiko mini ba.

Duk da haka na fita da shi. In na tashi gadi da safe, maimakon in kwanta, sai in cika bokiti in kama hanya. A hannu nake riƙewa, ban ɗora a ka ba, kada ki ji an ce. Na bi 'yan uwanmu masu keke, da masu gyaran takalmi, da masu yankan farce a bakin kasuwa. Bashiru mai shayi, wanda muke ɗaki ɗaya, tun daga nesa yake ɗaga murya, "Hajiya Mannira, nawa-nawa ne yau?" Wani ɗan Kaura ya gutsira ya ce, "Malam, wanga ƙuli ne ko alkaki?" Wata mata 'yar garin ta saya na hamsin, ta ɗanɗana, ta dube ni, ta miƙa wa karenta. Karen ya ci, Allah ya yi masa albarka.

Abin da ya fi ba ni wuya kira ne. Na kasa buɗe baki in ce a sayi ƙuli. Sai in je in tsaya a kan mutane da bokiti kamar wanda ya zo karɓar haraji. Yaran nan da muke gani suna rera kira a rana muna wucewa, ashe aiki suke yi. Na yi kwana uku ban taɓa ko kwatan buhun ba. Ban san yadda za mu yi da sauran ba, amma kada ki sake toya wani sai kin ji daga gare ni.

A gaishe da yara. Allah ya bar mu tare.

Ɗan tallanki,
Mannir

Ƙari: Na riga na liƙe takardar na sake buɗewa, don Tambaya bai samu lodi ba sai gobe. Jiya da yamma na tsaya sayen tsire na ɗari wajen wani dattijo, Malam Yari. Muna gaisawa na ji harshensa, na ce daga ina, ya ce Bungudu. Ya san gidanku, ya ce mahaifinki ya taɓa sayar masa da ɗan maraƙi mai tari. Ya leƙa bokitina, ya ɗauki sanda ɗaya ya murtsuke a tafin hannu ya shinshina. Ya ce wa ya matse man nan? Na ce iyalina. Ya ce ta matse shi har ya gaji, kuma ba ta haɗa da garin rogo ba, irin wanda ake kawo musu nan yana ƙonewa a wuta yana ɓata nama. Ashe su masu tsire da garin ƙuli suke shafe nama, laushi bai dame su ba. Ya baza shi a tire gefen wuta ya bushe, warin albasa kuwa ya ce ai an rage masa aiki. Ya saye ragowar buhun duka, da ragi, amma ya saye. Yana son bokiti guda duk zuwan Tambaya. Ya ce kada ki wahalar da kanki da murza sanduna: ki fyaɗa shi fale-fale ki toya, a kai inji a niƙe, ba gishiri ba sukari. Ki bari ya huce sarai, ki zuba a leda biyu ki ɗaure, sannan a bokitin fenti mai murfi. Na ba Tambaya bokitai biyu da kuɗin buhun. Kuɗinki ne, ban taɓa ko sisi ba.


Fatakwal
Farkon Nuwamba

Mai ɗakina,

Assalamu alaikum. Kafin komai, yaya hannun Bashar? Ya fara kama abu da shi? Sannu, sannu da jinya. Ina gaishe ki, ina gaishe da Yelwa. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce.

Wannan ita ce takarda ta biyu da na rubuta yau. Ta farko na yaga, kuma gara da ba ki gan ta ba. Laifin Tambaya ne, mutumin da ke fara labari daga wutsiya. Yana sauko mini da bokiti ya ce, "Af, an ga ɗiyarka bakin tasha da faranti." Ya juya ya shiga rigima da masu sauke albasa. Ni kuwa na wuce teburin Bashiru na ari biro, na cika shafi biyu da maganganun da ba su dace da ke ba. Sai da na kawo masa takardar ya ce, "To, yaya mai jiki?" Na ce wane mai jiki? Sannan ya ba ni kan labarin.

Ya ce kina tuyar ƙulin Malam Yari da Bashar a baya, Yelwa ta tafi inji. Hayaƙi ya dame shi yana ta kuka, kika sauke shi, kika juya ki kwashe na cikin mai, ya kai hannu bakin kasko. Allah ya taƙaita bai shiga cikin man ba. Ya ce kuɗin hannunki duk kin zuba a gyaɗa, nawa na wata kuwa suna aljihunsa, motarsa tana kwance a Lokoja tana jiran gyara. Ba waya, mai kemis kuma ba ya jin sai gobe. Shi ne kika ɗora wa Yelwa ragowar ƙulin kwalla ta bi 'ya'yan Saude, kwana biyu.

Da ni ne a tsakar gidan nan yaro yana tsala ihu da hannu a saɓule, da na ɗora mata, in akwai faranti biyu ma in ɗora duka. Ban ce na ji daɗi ba. Har yanzu in na rufe ido ina ganin ta tsakanin motoci tana miƙa hannu ta taga. Amma ba kwaɗayi ya sa ki ba. Kuma Tambaya ya ce a rana ta uku da yaran suka zo kiranta kin ce ta zauna, alhali a kwana biyun nan ta fi su duka ciniki. Wannan cinikin shi ya fi ba ni tsoro, shi ne kuma ya sa na ƙara ganin girmanki. Sauke faranti mai kawo kuɗi ya fi hana ɗaukarsa wuya.

Bari in ba ki dariya. Makon jiya mai rainon jikan Madam ba ta zo ba, aka ajiye mini shi a bakin ƙofa, wai na ɗan lokaci. Bara'atu, kafin uwarsa ta dawo ya ci ƙasa, ya jefa makullin ƙofa a kwata, ya kusa bin wata mota. Mai kawo gas yana waje yana ta danna hon, ni ina durƙushe hannu ɗaya a kwata, ɗaya riƙe da wandon yaro. Ni da aikina zama ne kawai. Ke kuma ga wuta, ga tafasasshen mai, ga tuwon rana yana jira. A da in abokai suka tambaye ni me iyalina ke yi, sai in ce tana gida. Na daina faɗin haka.

Don haka ranar tuya Bashar ba zai ƙara zama a tsakar gida ba. Na sa kuɗin mota a ciki, ki aika Bungudu a roƙi Inna Delu ta zo ta ɗan kwana biyu. Na san za ta ce awakinta, ki ce mata ni na roƙa. Akwai kuma dubu biyar daban da na ɗaure da zare. Waɗannan ba na gyaɗa ba ne, ba na cefane ba. Ki jefa su a ƙasan kwalla ki manta da su sai ranar tsautsayi, Allah kada ya kawo ta.

Garin ya iso a bushe kamar yanzu aka niƙa. Malam Yari ya biya nan take, ya kuma kai ni wajen wani ɗan'uwansa mai tsire a wata mararraba. Shi ma yana so. Kin ga yanzu bokiti na kai wa mutum biyu, ba kira ba rera waƙa, tallan manya.

Ki shafa mini kan Bashar. Ki ce wa Yelwa Baba bai yi fushi ba, ya gode.

Naki,
Mannir


Fatakwal
Watan Disamba

Bara'atu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Yaya Inna, yaya yara? Na ji daɗin jin muryarku da layi ya dawo. Sai dai waya ba ta magana ce ba a gidanmu. Ina cewa salamu alaikum Bashar ya fizge, Inna ta karɓa ta ba ni labarin akuyarta da ta haifi uku, kafin ki dawo kati ya ƙare. Saboda haka maganar da ke da nauyi gara ta bi Tambaya.

Da farko, Saude. Na ɗauke ta da zafi tun maganar farantin nan, har na ce miki a waya ki rage shiga gidanta. Yanzu kin gaya mini kafin Inna ta iso ita ke zuwa da sassafe ranar tuya ta ɗauki Bashar, ta haɗa da nata ta yi musu wanka ta ba su koko, ba ta taɓa neman komai ba. Shawarar da ta bayar a da, abin da ta sani ta faɗa, da shi take ciyar da marayunta. Ki ba ta kwalbar mai daga gare ni, ba sai kin gaya mata dalili ba.

Na biyu, ciniki. Garin nan in Kirsimeti ta gabato nama ake ci kamar gobe za a hana. Masu tsiren da nake kai wa sun zama uku, kuma Malam Yari ya zaunar da ni ya ce daga yanzu bokiti biyar suke so duk zuwa, ba a Kirsimeti kaɗai ba, har gaba. Ya ce in ba za mu iya ba in faɗa masa ya nemi ciko wani wuri, amma ya fi son hannunki. Na ce sai na tambayi mai kaya. Ya yi dariya ya ce, "Kai dai yaron gida ne na ƙwarai."

Na yi lissafin ribar bokiti biyar, sai da na cire hula na sha iska. Amma na yi wani lissafin kuma. Uku da kike yi yanzu, da hannun Yelwa kike yin su. Ita ke murje ɓawo, ita ke sheƙa, ita ke zuwa inji, ita ke ɗebo ruwan matsa. Inna kuma ta ce ƙarshen wata za ta koma. Ana ta raɗe-raɗin za a buɗe makarantu bayan sabuwar shekara. To ranar da aka buɗe, wa zai yi wannan duka? Na hana ta talla a titi, kada mu wayi gari mun ɗaure ta a tsakar gida da sunan tana taya uwarta. Farantin da ba a gani ya fi wuyar saukewa, don ba wanda zai ce kun yi laifi.

Sana'ar taki ce, jarin naki ne, bayan da ke ciwo naki ne. Ba zan yanke miki daga nan ba. Abu ɗaya na sani: ranar da aka kaɗa ƙararrawa, Yelwa tana cikin aji. Sauran ki auna, abin da kika ce shi zan kai wa Malam Yari.

Akwai kuma hakkina da nake nema, tunda abin ya zama sana'a. A ƙa'idar Tsafe in 'yar talla ta sayar da na goma, ɗaya nata ne, uwa ta tara mata. Ni ban ga dalilin da za a danne ni don ina da gemu ba. Zan fara cirewa, har da na baya.

A gaishe da Inna da kyau, a ce Allah ya raya 'yan ukun.

Mijinki,
Mannir


Fatakwal
Ƙarshen Janairu

Zuwa ga mai ɗakina, Bara'atu.

Assalamu alaikum. Ina yi miki fatan alheri, ke da yara. Yaya Bashar, an ce tabon ya fara bajewa? Yaya 'yar makaranta? Ni lafiya lau, ruwa ya ɗauke, har takalmina ya bushe.

Hoton da kika sa Saude ta ɗauka ya shigo. Na daɗe ina kallonsa. Rigar ta yi mata gajarta, watannin nan na zaman gida ta yi tsawo ba mu lura ba, hijabin ma ya ɗage. Amma ga ta nan a bakin zaure da jaka, tana haɗe fuska don kada a ce tana murna. Na nuna wa Bashiru, ya ce, "Hajiya Mannira, tallanki ya yi albarka." Yau kam har shayi na saya masa a teburinsa.

Na kai wa Malam Yari amsarki yadda kika faɗa: uku, ba biyar ba. Ya ce zai nemi biyun wajen mutanen Funtuwa. Na ji zafin biyun nan, ba zan yi miki ƙarya ba, har na kwana ina ganin su. Amma dabararki ta fi tawa. Saude ta karɓi murza da sheƙa da kai niƙa, ki biya ta da mai da ɗan abin hannu. Tuya sai ranar da Bashar ke gidanta, Yelwa kuma ta taya ki Asabar kaɗai, in ta gama aikin makaranta. Kin ce babbar 'yar Saude ma ta rage fita tasha tunda aiki ya samu a gida. Wannan ban sa shi a lissafina ba, ke kika gano shi.

Na yi magana da Madam, in Allah ya kai mu azumi zan zo gida in yi wata guda. Ta ce sai dai in kawo wanda zai zauna mata, na ce akwai. Ta kuma tambaye ni sunan da za ta rubuta a takardar hutun, na faɗa mata, ta maimaita sau biyu ba daidai ba. Bokitan kuwa Bashiru zai riƙa kaiwa kafin in dawo, ya ɗanɗana abin da yake yi wa dariya.

Kin ce in gaya miki abin da ke hannuna, to ga shi. Ladan tallana ya kama dubu goma sha ɗaya. Suna cikin wannan takarda, a ɗinka wa Yelwa riga da hijabi daidai tsawonta, a sayi takalmi da littattafai, in da saura a saya wa Bashar biskit. Ribarki da kika ce in riƙe miki a nan don kada 'yan biki su ji ƙamshinta, dubu arba'in da takwas ce cif. Abin da ni na tara daga gadi, tun fitowata har yau, dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu. Na san za ki ce ai nawa gida ke ci. Haka ne, amma lissafi lissafi ne: ke daga tsakar gida da yaro a gindinki, ni a bakin ƙofar mutane, kin fi ni da dubu shida da ɗari takwas. Na ƙirga sau biyu.

Allah ya yi miki albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
Mannir